Majiyyacin da Ke Gudu Don Maganin Wani

Tun daga shekarar 2016, sau ɗaya a shekara, galibi cikin watan Fabrairu, akan tare manyan hanyoyin Ikko da sassafe, dubban mutane su fito su bi su har su dangana da Eko Atlantic, tafiyar kilomita 42 a guje, wadda mutanenmu suka laƙaba wa suna gudun yada-ƙanin-wani. Mu mazauna Ojo da Agege ba mu cika sanin zaman wannan al'amari ba sai ta wajen cunkoson motocin da yake haddasawa. In kuwa an ɗauko zancensa a majalisa bayan la'asar, ba ya wuce lissafin kuɗin da 'yan Kenya da Habasha ke kwashewa. Amma a ƙasashen da wannan al'ada ta daɗe, mafi yawan masu gudun ba su da tsammanin zuwa na ɗaya, kuma da yawa daga cikinsu sun shiga ne domin su tara kuɗin wata hidima: mutum ya zaga wajen dangi da abokan aiki, ya ce zai yi gudun, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar, sa'an nan a miƙa abin da aka tara ga asibiti ko ga masu binciken magani. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne a cikin masu yin haka har da waɗanda ciwon yake jikinsu.

Akwai wani Ba'amurke, Jimmy Choi, wanda likitoci suka tabbatar masa da ciwon karkarwa a 2003 yana ɗan shekara 27. Ya yi shekaru yana ɓoye abin, jikinsa na nauyi, har ya kai ba ya tafiya sai da sanda. Da ya faɗo daga matakalar bene a 2010 riƙe da ɗansa ƙarami, sai ya ɗaura ɗamarar motsa jiki, daga tattaki zuwa sassarfa, har a 2012 ya gama gudun yada-ƙanin-wani na birnin Shikago, ya kuma ci gaba da yi yana tara wa gidauniyar Michael J. Fox kuɗin bincike. Nan Ikko ma abin ya fara tsiro, domin gidauniyar Adewunmi Desalu, wadda ke hidimar masu wannan ciwo, takan fitar da su tattaki a bainar jama'a don a san da su. To, tun da abu ya iso bakin ƙofa, ya kamata Musulmi ya san abin da zai ce a kansa kafin a tambaye shi.

Shi dai ciwon karkarwa, wanda aka sa wa sunan likitan Landan James Parkinson saboda shi ya siffanta shi a 1817, asalinsa mutuwar wasu ƙwayoyi ne can cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda ke samar da wani sinadari da ake kira dofamin, kuma da wannan sinadari ne umarnin ƙwaƙwalwa ke isa ga gaɓoɓi cikin sauƙi. In ya yi ƙaranci sai hannu ya riƙa rawa ko da mutum yana zaune kawai, jiki ya sandare, taku ya gajarce, murya ta yi ƙasa, fuska ta daina nuna abin da ke zuciya. Tun shekarun 1960 aka sami maganin da ake kira lebodofa, mai sassauta waɗannan alamomi, amma har yau ba a sami abin da ke tsai da mutuwar ƙwayoyin ba. Wani abin al'ajabi da likitoci suka sha gani shi ne, mai wannan ciwo yakan kafe a bakin ƙofa ya kasa ɗaga ƙafa, amma in ya hau keke ko ya sa gudu sai ka ga kamar ba shi ba. Kuma sun haɗu a kan cewa motsa jiki mai ƙarfi yana daga cikin abubuwan da suka fi taimakonsa. Saboda haka wanda zai ce gudun jefa kai ne cikin halaka, in dai da shawarar likita aka yi, bai riƙe hujja ba.

Hujjar da ke da nauyi wata ce dabam, kuma ban ga amfanin a rage mata ƙarfi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya taɓa nuna wa almajirinsa Aɗa'u ɗan Abu Rabah wata baƙar mace, ya shaida masa cewa 'yar Aljanna ce. Labarinta kuwa shi ne ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukan farfaɗiya da ke kayar da ita har jikinta ya yaye, ta nemi addu'a. Sai ya ba ta zaɓi tsakanin ta yi haƙuri ta sami Aljanna, da ya roƙa mata lafiya, ita kuwa ta zaɓi haƙuri, ta roƙi abu guda kaɗai, wato a yi mata addu'ar kada jikinta ya riƙa yayewa. Ga ciwon ƙwaƙwalwa, ga majiyyaciya, ga waraka a tafin hannu, ta bar ta, aka kuma yi mata bushara da mafificin sakamako. Wanda ya tashi da wannan hadisi a kunnensa, in ya ga mai karkarwa ya fito titi yana haki, an liƙa masa lamba a ƙirji, ana ɗaukar hotonsa, yana neman kuɗin yaƙi da abin da Allah Ya ɗora masa, ba za a zarge shi ba in zuciyarsa ta ce masa wannan raki ne aka yi wa ado, kuma mutumin kirki ya zauna a ɗakinsa ya riƙe tasbaha ya jira hukuncin Ubangijinsa.

Malamai sun daɗe da tattauna rabin wannan mas'ala. Ibn Hajar, a sharhinsa ga Buhari, ya fitar daga hadisin cewa barin magani ya halatta ga wanda ya san zai iya jurewa. Hambalawa suka karkata ga cewa barin ya fi, Shafi'awa suka ce neman mustahabbi ne, mu kuwa a mazhabar Maliku halal ne ba tare da wani aibu ba, kuma bai rushe tawakkali. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1992, ta ƙara da cewa yakan zama wajibi in barinsa zai kai ga rasa rai ko gaɓa, ko kuwa cutar mai yaɗuwa ce. Sai dai duk wannan saɓani, in an lura, yana kewaya tambaya ɗaya ne: mutum da ciwon kansa, ya sha magani ko ya bari? A nan ne nake ganin masu suka suka ɗauko hukuncin wata mas'ala suka ɗora wa wata.

Domin shi mai gudun nan, in yana da hankali, ya san cewa tsakanin kuɗin da ya tara yau da ƙwayar maganin da za ta fito daga gare su akwai shekaru goma ko ashirin ko fiye, ya kuma san cewa ƙwayoyin da suka riga suka mutu a kansa ba za su jira ba. Ga abin da ya shafi jikinsa, ya riga ya shiga sahun matar nan ko ya so ko bai so ba, tun da warakar da ita ta bari da zaɓinta shi ba a ma miƙo masa ita ba. Haƙurinsa yana nan inda yake, kullum safiya in ya yi kokawa da maɓallin rigarsa, ko ya zubar da rabin ruwan alwala kafin ya kai fuska. Abin da ya fita nema a titi rabon wani ne, wanda watakila ba a haife shi ba tukuna. Matar nan haƙƙinta ta yafe, kuma kowa yana da ikon yafe nasa. Amma ban san wani malami da ya ce mutum yana da ikon ya yafe lafiyar 'ya'yan maƙwabcinsa da sunan tawakkali ba.

Wanda yake so ya ga yadda irin wannan aiki ke ƙarewa, ba sai ya yi nisa ba, ya dubi shan inna, wadda ita ma ciwon jijiya ce, ƙwayar cuta ce ke shiga laka ta kashe jijiyoyin da ke motsa ƙafa, ko da yake iyayenmu sun ɗauke ta aikin iska. Franklin Roosevelt ƙafafunsa suka shanye a 1921, likitocin zamaninsa suka ce ita ce. Da ya zama shugaban Amurka sai ya kafa gidauniya a 1938, aka roƙi talakawa kowa ya aiko da ƙaramar tsaba ta santi goma, kuɗin da bai fi a ba yaro ya sayi alewa ba, suka yi ta aikowa. Da irin wannan kuɗi aka ɗauki nauyin binciken Jonas Salk, da na Albert Sabin wanda ya samar da ɗigon da ake ɗiga wa yara a baki. An bayyana nasarar rigakafin Salk ranar 12 ga Afrilu 1955, shekara goma daidai da mutuwar Roosevelt, wanda ya koma ga Mahaliccinsa ƙafafunsa na shanye yadda suke. Mu ne muka ci gajiyar, bayan jayayyar da ta sa aka dakatar da rigakafin a Kano daga 2003 zuwa 2004, bayan kuma shekarar 2012 da fiye da rabin yaran da cutar ta kama a duniya suka kasance 'yan Nijeriya; a watan Agusta 2020 aka shaida cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka. Kuma cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi akwai guragunmu. Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano da shan inna ta taɓa, shi ya ƙago ƙwallon guragu a 1988, wadda ake bugawa da hannu bisa katako mai ƙananan tayoyi, kuma masu buga ta a Kano da Ikko da sauran birane sun yi shekaru suna fita fili ranar 24 ga Oktoba suna kira ga iyaye su kai yara rigakafi. Ba ɗayansu da ɗigon zai mayar wa ƙafa. Ban taɓa jin wanda ya ce da su masu raki ba.

Asalin wannan kuwa yana cikin shari'a tun fil azal. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da cewa babu cutar da aka saukar ba tare da maganinta ba, kuma a ruwayar Ibn Mas'ud an ƙara da cewa wasu sun san maganin, wasu sun jahilce shi. In haka ne, abin da ya raba mu da maganin karkarwa jahilcinmu ne, kuma kawar da jahilcin da al'umma ke cutuwa da shi farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya mata ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa likitanci cikin irin wannan farilla, har ya yi wa mutanen zamaninsa faɗa kan yadda suka yi cincirindo a kan rassan fiƙihu da saɓanin mazhabobi, ga garuruwa birjik ba likita Musulmi ko ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin daula da yaƙe-yaƙe, ya wallafa littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basir, kuma sa'ad da wani Bature mai suna Clapperton ya iske shi a Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Magabata kuma ba da baki kaɗai suka yi ba: asibitin da Sarki Nuruddin ya gina a Dimashƙa a 1154, da na Sarki Ƙalawun a Alƙahira a 1284, da dukiyar waƙafi aka riƙe su, a na farkon ne Ibn Nafis ya yi karatu, shi ne ya fara bayyana yadda jini ke ratsa huhu, kuma da zai rasu a 1288 sai ya bar wa na biyun gidansa da littattafansa. Ko da jumhurun malamai ba su sa bincike cikin kashi takwas na masu cin zakka ba, ƙofar sadaka da waƙafi a buɗe take, kuma ilmi mai amfani yana cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa da mutuwa.

Mu kuwa, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, sadakarmu tana bin ido ne. Hausawan Ikko ba marowata ba ne. Wanda ya ga abin da ake rabawa ranar Juma'a a Zangon Agege, ko abincin da ake kaiwa gidan naƙasassu na Oko-Baba a Ebute Metta, ko yadda 'yan kasuwar Alaba Rago ke haɗa kuɗin mai da gawa ko majiyyaci gida cikin yini guda, ba zai yi musun haka ba. Amma muna bayarwa ne ga hannun da aka miƙo mana, mu ji addu'a nan take, mu tafi da sanyin zuciya. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko a Idi-Araba, a tsakiyar unguwar da Hausawa suka cika, inda Farfesa Njideka Okubadejo da abokan aikinta na asibitocin Nijeriya suka yi shekaru suna tattara jinin masu ciwon karkarwa. A 2023, tare da masana na Ingila da Amurka, suka bayyana cewa sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda ke ƙara haɗarin kamuwa da ciwon, kuma kusan ba a samunsa sai ga mutanen da asalinsu Afirka ne. Shekara da shekaru ana binciken wannan ciwo a kan jinin Turawa, ba a gan shi ba, don ba ya can. Kuɗin wannan aiki galibi daga waje ya zo, kuma cikin masu riƙe da shirin har da gidauniyar nan da Jimmy Choi ke yi wa gudu. Kai, ko ƙarara, wadda manomi ke tsine wa saboda ƙaiƙayinta, 'ya'yanta na ɗauke da sinadarin lebodofa, har likitoci sun gwada su a Gana da Bolibiya don talakan da ba zai iya sayen na kanti ba. Amma sanin adadin da za a sha da yadda za a sarrafa shi ba tare da cutarwa ba, wannan ma sai da bincike, kada wani ya karanta wannan ya tafi daji.

Saura maganar riya da sutura, wadda ita ce ta fi damuna. Alƙur'ani ya yabi sadakar da aka bayyana, ya kuma fifita wadda aka ɓoye, amma malamai sun ce in bayyanawar za ta jawo wasu su yi koyi, ita ce ta fi. Muslim ya ruwaito ranar da wasu matalauta 'yan ƙabilar Mudar suka iso Madina cikin tsumma, aka yi kira a taimaka musu, wani mutumin Madina ya fito gaban jama'a da jakar kuɗi wadda hannunsa ya kusa gaza ɗauka, mutane suka bi sahunsa har abinci da tufafi suka taru tsibi biyu, kuma a kan wannan ne aka yi bushara da ladan wanda ya fara kyakkyawar sunna. Ciwon da ake ɓoyewa ba a yi masa asusu. A unguwanninmu mai karkarwa yakan daina zuwa masallaci don kada a ce an yi masa sammu, yarinya mai farfaɗiya a cire ta daga makaranta don kada ta rasa miji, kuma muddin haka ake yi, ba mai kuɗi ko mai mulki da zai san yawansu. Muhammad Ali, wanda ya ziyarci Ikko a 1964 yana zakaran damben duniya, an tabbatar masa da wannan ciwo a 1984; da ya fito a Atlanta a 1996 ya kunna wutar wasannin Olamfik, hannunsa na rawa duniya na kallo, ya yi wa masu ciwon abin da wa'azi dubu bai yi musu ba, daga baya kuma ya ba da sunansa ga wata cibiyar jinya da bincike, ya je gaban majalisar Amurka neman kuɗin binciken.

Amma fa roƙon matar nan na biyu yana nan da hukuncinsa. Ta karɓi ciwo, ba ta karɓi tozarta ba, aka kuma amsa mata. Sutura haƙƙin majiyyaci ce: in ya ga dama ya fito da rauninsa don maslahar jama'a, ya yi sadaka da wani abu mai tsada, in ya zaɓi ya zauna a ɗaki, ba wanda ya isa ya ce ya gaza, balle a riƙa yi masa gori da wane da ya yi gudun kilomita 42. Akwai wanda ciwonsa ya kai shi inda ko cokali ba ya iya riƙewa, kuma darajarsa wajen Allah ba ta rataya ga ƙafarsa ba. Wanda kuwa zai ɗauki hoton majiyyaci ba da yardarsa ba, ya yaɗa a wayoyi don a ji tausayi a turo kuɗi, ya aikata ainihin abin da matar ta nemi tsari da shi, ko da abin da ya tara ya kai inda aka ce.

Wani zai ce, to, in binciken bai haifi kome ba fa, alhali ga tsoho a Okokomaiko da ba shi da kuɗin maganin wannan wata? Tsohon yana da haƙƙi na gaba, kuma wanda abin hannunsa bai isa duka biyu ba, ya fara da shi. Amma binciken da ya gaza bai tafi a banza ba, kamar mai haƙar rijiya ne da ya tarar da dutse, ya hutar da na bayansa haƙa a wannan wuri. Kuma shari'ar da ta ba mai ijtihadi lada ɗaya in ya yi kuskure ba za ta hana wanda ya ciyar da shi nasa ba.

Inda nake ba masu ɗari-ɗari gaskiya ɗungum shi ne wajen amana. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, shari'a ta yi ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka guji ɗigon shan inna daga baya, yaran da ba su ji ba su gani ba suka biya da ƙafafunsu. Saboda haka in wani ɗanmu mai karkarwa ko mai farfaɗiya ya zo majalisar Sarkin Hausawa a Ojo ko Agege ya ce zai yi gudun Fabrairu, a taimaka, abin da ya kamata dattawa su bincika ba ingancin imaninsa ba ne. Su tambaye shi wane likita ya duba shi ya yarje masa, asusun wa kuɗin za su shiga, wa zai karanta wa jama'a lissafinsu bayan an gama, kuma waɗanda za a ɗebi jininsu a binciken, an yi musu bayani da Hausa sun yarda, ko kuwa takarda aka miƙa musu da Turanci aka ce su dangwala.